Ranar da 'Yan Kwalbati Suka Dawo

Alhaji Sharfuddeen bai taɓa cewa Zulkifli mutumin banza ne ba, wannan kam za a shaide shi. Abin da ya ce, tun ranar da 'yarsa Rahinatu ta durƙusa a gabansa ta faɗi sunan wanda take so, shi ne ba zai haɗa jini da gidan makaɗa ba.

Ba wai Alhajin ba ya son kiɗa ba ne. A nasa bikin ma sai da aka tare hanya a unguwar Nima. Amma shi jikan fataken goro ne da suka taso daga Kano, kuma yana ji da asalin nan kamar jiya suka sauke kaya. Zulkifli kuwa ɗan ƙabilar Dagomba ne daga gidan masu kalangu, inda kiɗa gado ne da ba a ajiyewa. Uba ya buga, ɗa ya buga, jika ma sai ya rataya. Alhaji ya ce ba zai rayu ya ga jikansa yana bin gidajen suna da ganga a hammata ba.

Rahinatu ta yi kuka har ta gode wa Allah. Ta yi yajin cin abinci, yunwa ta karya shi tun kafin la'asar. Ta tura kawunnai da gwaggonni. Da ƙyar dai, ana tsakiyar azumi, Alhaji ya sassauto. Ya ce ya samu labarin yaron bai sake taɓa kalangu ba tun rasuwar ubansa. To, in ya rantse ya bar shi har abada, manyansa su kawo goro bayan Sallah.

Zulkifli ya zo har falon Alhaji ya rantse, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Ai a ganinsa babu abin da ya rasa. Sana'arsa daban ce. Yana da ɗan shago na katako a unguwar Maamobi, daf da babban kwalbatin da ya raba ta da Nima, inda yake zuba wa mutane waƙoƙi a waya da memori. Kuma shi ba ya zubawa haka kawai kamar mai auna gari. Kowane lokaci da jerin waƙoƙinsa. Akwai na damina, masu sanyi, na ji a ɗaki lokacin da ruwa ke dukan kwano. Akwai na azumi, bege da ƙasidu zalla, ko tafi babu a ciki. Akwai na rakiyar alhazai, wanda ke sa tsofaffi kuka a tasha. Na Sallah kuwa, direbobin trotro, motocin hayar cikin gari, tun azumi bai raba ba suke zuwa suna tambaya ko ya fito.

Da Alhaji ya hana zance, waƙa ce ta zama ɗan aikensu. Kullum da safe, kafin Rahinatu ta isa shagon maganin da take aiki, sai waƙa ɗaya ta shigo wayarta. Ita ma ta zaɓo wadda ta fi so ta mayar masa. In tana fushi sai ta tura masa wa'azi mai tsawo, shi kuma bawan Allah ya saurara har ƙarshe ya rubuto mata cewa ya tuba.

A jerin Sallar bara ne ya yi abin da ya girgiza Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi na garin. Ya bi gidajen tsofaffin mata yana roƙon kaset ɗin bukukuwansu da suka yi ƙura a ƙarƙashin gado, ya zauna ya wanke sautin a kwamfuta, ya fito da waƙoƙin 'Yan Kwalbati.

Yaran yanzu ba su san su ba. Ƙungiyar makaɗa ce da ta fara a kan kwalbatin nan tun iyayenmu na samari: Baba Awudu a waƙa, mai gita, mai ƙaho, sai Wahab Mai Kalangu, mahaifin Zulkifli. A zamaninsu duk auren da ba su je ba, to ɗaurin aure kawai aka yi. Da manyan sifiku suka shigo gari aka daina kiransu, kowa ya kama gabansa, daga baya Wahab ya rasu. Sai ga shi bara muryoyinsu sun cika trotro da shagunan aski, masu sayar da waakye, wato shinkafa da wake, na rangaji suna zuba yajin shito. Zango ta tashi da magana ɗaya, a dawo da 'Yan Kwalbati.

Wanda ya ɗauki nauyin dawo da su Habib ne, boga, wato ɗan gida mazaunin Turai, mai kawo motoci daga Jamus. Ya daɗe yana neman Rahinatu, kuma shi Alhaji ya fi so, bai ɓoye ba. Habib ya sa wasan washegarin Sallah. Ya naɗa Alhaji ciyaman na taro, ya kuma ɗauki Zulkifli aikin kula da sauti. Kowa ya ce yaron nan ɗan halak ne, ba ya riƙo. Rahinatu kaɗai hankalinta bai kwanta ba.

Da hantsin ranar ta biya ta shagon, cikin leshin Sallarta. Ta same shi yana naɗe wayoyi yana fito. Murna fal cikinsa ya shiga ba ta labarin dabararsa. Ya ce ya tsamo kiɗan kalangun ubansa shi kaɗai daga tsohon kaset, zai sake shi ta sifika, tsofaffin su yi waƙa a kai. Ka ga an ji Wahab, shi kuma bai taɓa ganga ba. Sun gwada a ɗakin Baba Awudu, komai ya tafi daidai. Kalangun kansa za a ɗora shi a kujera a kan dandamali don tunawa da mai shi. Habib ma har sabuwar fata ya sa aka yi masa.

Rahinatu ta tsare shi da ido.

"Gangar da ba wanda zai buga, me za ta yi da sabuwar fata?"

Zulkifli ya yi dariya. Hausarsa ta Zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji, abin da ke ƙara ɓata wa Alhaji rai ke nan. "Rahina, kar ka damu koraa, ko kaɗan. Don hoto ne kawai. Ka san boga da son hoto."

Ita ba ta yi dariya ba. Hawaye suka cika mata ido, ta kama gefen teburinsa.

"Zulki, na gaji. Na yi faɗa da Baba a kanka, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Mma ba ta barci saboda ni. Saura ƙiris mu ga ƙarshen wahalar nan. Don girman Allah, ko me za a yi a wurin nan, ko wa zai kira ka, ka zauna a bayan na'urarka."

Ya ajiye wayoyin. Ya ce mata tun ranar da aka binne ubansa hannunsa bai ko yi marmarin fata ba, kuma da za a tara masa gangunan duniya a ce ya zaɓa, ita zai zaɓa. Ya faɗa yana kallon cikin idonta, kuma tsakani da Allah ya faɗa. Ta share fuska da bakin gyale ta tafi, amma nauyin da ke ƙirjinta bai sauka ba.

Bayan la'asar filin makarantar ya cika har kan katanga. Ga rumfuna, ga mata cikin anko kala-kala, ga tsofaffin da suka yi shekaru ba su fito wasa ba an kawo su a kujerun roba. Alhaji Sharfuddeen yana tsakiyar sahun gaba cikin babbar riga, Habib a damansa yana ta yi masa fifita da takardar gayyata. Rahinatu tana bayansu kusa da mahaifiyarta, Mma Fatimata. Daga inda take tana hango Zulkifli a gefen dandamali, kansa a sunkuye a kan na'ura.

Da tsofaffin uku suka hau, sai wurin ya yi tsit kafin ya ɓarke da guɗa. Baba Awudu ya rame, gemunsa fari tas, amma ya sa jar hular da ake ba da labari. Ya tsaya a gaban kujerar da kalangu ke kai ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Mma Fatimata tun nan ta fara kuka, ba a ma fara komai ba.

Zulkifli ya danna. Kalangun Wahab ya fito ta sifika, tas, kamar mai shi na tsaye. Tsikar jikin kowa ta tashi. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati.

Waƙar farko ta tafi lafiya. A ta biyu aka fara ganin matsala.

Abin da Zulkifli bai yi tunani ba, duk da wayonsa, shi ne Wahab ɗin da ke cikin kaset saurayi ne mai jini a jika, su kuwa abokansa sun tsufa sun bar shi a can. A ɗaki a zaune suka gwada, suna yi suna hutawa. Nan kuwa a tsaye suke, cikin rana, bayan wata guda na azumi. Mai kalangu na gaske yana kallon bakin mawaƙi, in ya ga numfashi ya yanke sai ya jira shi. Kaset ba ya jiran kowa.

Kiɗa ya yi gaba, Baba Awudu na binsa a baya yana haki. Ya tsallake baiti don ya cim masa, ya sake makara. Mai ƙaho ya sauke ƙahonsa yana tari. Zulkifli ya rage gudun kiɗan, sai kalangun ya koma gurnani kamar tsohon janareto, samari a kan katanga suka kwashe da dariya. Wani ya yi ihu wai a kai kakanni gida su sha koko.

Baba Awudu ya daina waƙa. Ya tsaya riƙe da makirfo, yana kallon ƙasa. Mutumin da a da ake shimfiɗa wa zane ya taka, yau yara ke yi wa dariya a gaban jikokinsa. Rahinatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, kunyar tsohon ta zama tata.

Sai Habib ya miƙe, a natse, kamar wanda ya daɗe yana jiran wannan lokaci. Ya karɓi wani makirfo ya ba jama'a haƙuri da Turancinsa na boga, sannan ya juya harshe. Ya ce abin mamaki ne a bar iyayenmu cikin wannan hali alhali ga kalangu a kujera, ga kuma ɗan mai kalangu a zaune.

Duk filin ya juya wajen Zulkifli. Alhaji ma ya juya, a hankali.

Baba Awudu bai san da wata rantsuwa ba. Shi dai ya ga hanya ta buɗe. Ya ɗago da jajayen idanu ya ce, ba da waƙa ba, da muryar roƙo: "Ɗan Wahab, jikan masu lunga. Mun yi yawo da ubanka tun ba mu da takalmi. Bai taɓa bari na faɗi a gaban mutane ba. Zaka ka ɗaga ni, ɗana."

Lunga shi ne kalangu a bakin Dagomba, kuma ɗan gidan da aka kira da wannan suna a bainar jama'a ya ƙi tashi, ya tozarta kabarin ubansa. Habib ya san haka sarai.

Zulkifli bai motsa ba. Gumi na zuba daga haɓarsa. Bai kalli tsohon ba, bai kalli gangar ba, Rahinatu kaɗai yake kallo, kuma ta gane zai zauna. Zai zauna saboda ita, a yi ta yi wa Baba Awudu dariya har ya sauka, shi kuma ya ɗauki wannan rana a ransa har ya mutu.

Mma Fatimata ta damƙe mata hannu ta ce a hankali, "Kar ka yi, Rahina. Babanka na nan."

Rahinatu ta zare hannunta. Ta miƙe tsaye ita kaɗai a cikin sahun mata, hawaye na bin kumatunta, ta gyaɗa masa kai.

Ya kashe na'ura. Ya cire takalmi a gindin dandamali ya hau. Ya rataya kalangun a kafaɗa, ya matse shi a hammata, ya ɗauki lanƙwasasshen sandan. Ya ɗan tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

Bugun farko a hankali ya yi shi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Ya sake, ya matse igiyoyin, muryar gangar ta hau sama siririya ta sauko. Bai yi gaba ba. Ya matsa kusa da Baba Awudu yana kallon bakinsa, yana jira. Tsohon ya ja numfashi ya saki baiti, kalangu ya amsa masa. Ya sake saki, ya sake amsawa. Inda numfashin tsohon ya yanke, gangar ta cike gurbin ta ƙarasa masa maganar, har ba ka gane inda murya ta tsaya fata ta karɓa.

Rahinatu ta san waƙar nan baiti-baiti, ita ce wadda ta fi tura masa. Amma sai ta ji kamar ba ta taɓa jin ta ba sai yau. Ta tsaya baki buɗe tana kallon mutumin da take tsammanin ta gama sani. Wannan mai sanyin da ke sunkuye a kan kwamfuta, wanda in ya ga Alhaji har tuntuɓe yake yi, yau ga shi kafaɗa a buɗe, fuskarsa na haske, yatsunsa na abin da ido ba ya iya bi. Tsoro da ƙauna suka haɗu suka cika ta, har ta rasa wanne ya fi yawa.

Mai gita ya shigo. Mai ƙaho ya goge baki ya busa, ƙarar ta tafi har ƙetaren kwalbati. Muryar Baba Awudu ta warware, ta yi kauri, ya ture jar hularsa gaban goshi ya fara taka rawa. Samarin katanga sun yi gum, wasu sun ɗaga waya sun manta ba su danna ba. Masu trotro suka tsaya a bakin hanya, fasinja ba wanda ya yi ƙorafi. Tsohuwar nan da aka kawo a kujera ta miƙe da sandarta ta shiga fili, ba wanda ya iya hana ta. Mata na kuka suna guɗa a lokaci guda. Habib kansa, da ya haƙa ramin, yana tsaye da makirfo a hannu ya manta bai zauna ba.

Alhaji Sharfuddeen ne kaɗai bai motsa ba. Rahinatu ba ta ganin fuskarsa, bayansa kawai take gani, a miƙe kamar an dasa shi.

Ana gab da magariba aka tsaya don a huta. Jama'a suka rufe Zulkifli a kan dandamali. Alhaji ya tashi ba tare da ya yi jawabin ciyaman ba, ya nufi mota. Mma Fatimata ta shige baya tana jan carbi. Rahinatu ta iso ta kama ƙofa, sai ta ga idanun mahaifinta sun yi ja, gemunsa a jiƙe.

"Na ji Wahab yana kan ganiyarsa," in ji Alhaji, ba tare da ya kalle ta ba. "Shi ya yi kiɗan aurena da uwarki. Wallahi Wahab bai kai yaron nan ba. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba na tsammanin zan sake ji."

Zuciyarta ta yi tsalle. "Baba..."

"Shi ya sa ba zan ba shi ke ba."

Ta zuba masa ido, shi kuwa ya ci gaba.

"Da shirme ya buga, da na ce kuskure ne, ya yi kaffara a wuce wurin, don na san zai iya bari. Amma wanda Allah ya ba wannan hannu, in na sa shi ya bari na zalunce shi, kuma ba ma zai iya ba. Kin gani da idonki. Abin nan ya fi ƙarfinsa, zai kuma fi ƙarfin ɗansa. Ki gaya masa ban riƙe shi da komai ba, ya ci gaba da kiɗansa. Manyansa kuwa kada su wahalar da kansu."

Kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa nan bakin titi, leshi da komai, ta ce kada ya ɗora wa Zulkifli laifi. Ta ce ya riƙe alkawari, ya zauna, da niyyar zama har ƙarshe.

"Ni na ce ya tashi, Baba. Ni na miƙe na ba shi izini."

Sai a lokacin Alhaji ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"Kuma kika ce ya tashi."

"Ban iya auren mutumin da na sa ya bar tsoho ya wulaƙanta saboda ni ba. In aka sake yau, haka zan sake yi."

Alhaji ya matso kusa da ita. Ya sunkuya ya ɗago ta da hannunsa, ya buɗe mata ƙofar motar da kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ta ɗora hannu a kan ƙofar.

Daga cikin fili kalangu ya sake tashi, shi kaɗai, ba gita ba ƙaho. Ba waƙa ba ce. Gaɓa huɗu ce yake maimaitawa a hankali, yana hawa yana sauka, kuma duk wanda ya tashi a Zango ya san ganga na magana. Mutanen da ke kusa da motar suka fara juyowa suna kallonta.

"Sunanki yake kira," in ji Alhaji. "Ni ma ina da kunne. Ban taɓa yi miki dole ba, Rahinatu, yau ma ba zan fara ba. Ga mota, ga fili. Amma in kika koma can, ki sani ba da hannuna kika je ba."

Mma Fatimata ta leƙo daga cikin mota tana girgiza mata kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

Rahinatu ta dubi mahaifinta, mutumin da ya goya ta a kafaɗa zuwa makarantar allo. Ba ta taɓa son sa kamar yadda take son sa a wannan lokaci ba.

Ta saki ƙofar motar.